Garkuwar Jikin Shuka: Yadda Tsiro Ke Kare Kansa Daga Bakteriya

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaishe ku manoman Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, da na Kwoi da Kubacha da Kachia da Kagarko, da duk inda muryar nan ta kai. Yau shirinmu zai duba wani abu da ke gudana a gonar kowannenmu dare da rana ido bai gani ba, wato yadda shuka ke kare kanta daga ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya, da yadda hannun manomi ke taimaka mata, ko ya karya mata gwiwa bai sani ba.

Ba sai na tuna wa kowa daminar 2023 ba. Ana tsakiyar marka ganyen citta ya soma rawaya, ya ƙone, aka tona aka tarar saiwa ta ruɓe. Daga Kachia zuwa Jaba, daga Kagarko zuwa Jema'a da Zangon Kataf, labarin ɗaya ne. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da ta haura naira biliyan 12, daga baya ta ware naira biliyan 1.6 ta hannun asusun bunƙasa noma na ƙasa domin tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Hukumomi sun ɗora laifin annobar a kan wata cuta ta dangin fumfuna. To sai wani ya ce, malam, me ya kawo zancen bakteriya kuma? Dalili biyu ne. Garkuwar da shuka ke yaƙar fumfuna da ita, kusan ita ce take yaƙar bakteriya da ita, saboda haka wanda ya gane ɗaya ya gane ɗayar. Sannan bakteriya na da nata ciwon a tumatir da attaruhu da gauta da dankalin turawa da rogo da shinkafa, har da cittar kanta, kuma galibin maganin feshin da aka saya don fumfuna ba ya yi mata komai.

Bakteriya halitta ce mai rai, ƙarama ƙwarai. A jera dubu ɗaya kai da ƙafa, da kyar su kai milimita biyu. Ba ta haihuwa, rabewa take yi: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. A cikin cokali ɗaya na ƙasar gona akwai miliyoyinsu, a kan kowane ganye ma haka. Yawancinsu ba ruwansu da cutarwa, wasu ma alheri ne, kamar waɗanda ke zaune a ƙullutun saiwar wake da gyaɗa da waken soya suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Duk da wannan taro da ya kewaye ta, shuka takan tashi lafiya ta ba da amfani. Ciwo shi ne abin da ba a saba gani ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai mai tsaro.

Mu mutane muna da jini mai zagayawa, a cikinsa akwai fararen ƙwayoyi da ke ruga wa duk inda cuta ta shiga. Shuka ba ta da wannan. Jikinta an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da masana ke kira sel, kuma babu mai iya barin wurinsa. Saboda haka kowane sel shi ne mai gadin kansa, shi zai ji shigowar baƙo, shi zai yi faɗa, shi zai aika wa maƙwabta labari.

Tsaron farko a waje yake. Ku shafa ganyen citta ko na gwaza, za ku ji santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ruwa ma gangarewa yake yi. Bakteriya ba ta iya huda wannan fata da kanta, a nan ta bambanta da fumfuna da yawa, waɗanda ke iya haƙa hanyarsu. Dole ta sami ƙofa a buɗe. Ƙofofin kuwa iri biyu ne: raunin da fartanya ko wuƙa ko ƙwaro ko tsutsar ƙasa suka yi, da kuma ƙananan hudojin da ganye ke numfashi da su. An daɗe ana zaton waɗannan hudoji sake suke, kowa ya zo ya shige. A 2006 masu bincike a jami'ar jihar Mishigan ta Amurka suka nuna cewa da zarar ganye ya ji bakteriya a kansa, cikin sa'a guda ko biyu yakan rufe su. Suka kuma gano cewa wata bakteriyar da ke kama tumatir tana fitar da guba mai tilasta wa hudojin su sake buɗewa bayan 'yan sa'o'i. Tun daga bakin ƙofa ke nan aka fara wasan wayo.

Yaya ganye ke jin bakteriya alhali ba shi da ido ba shi da hanci? Bakteriya da yawa suna da wutsiya siririya da suke iyo da ita a ruwa. A fatar da ke ƙarƙashin bangon sel na shuka akwai wasu furotin da aikinsu kawai su taɓa ɗan guntun wannan wutsiya su gane shi. Wani masani mai suna Thomas Boller da abokan aikinsa a birnin Basel na Suwizalan ne suka gano mai ganewar a shekarar 2000. Da mai ganewar ya taɓa guntun, cikin 'yan mintuna sel zai fitar da wani ruwa mai ƙuna, dangin wanda ake wanke ciwo da shi a asibiti yana kumfa. Zai ƙara wa bangonsa kauri a daidai inda baƙon yake, ya haɗa sinadarai masu guba ga ƙwayar cuta, ya rage sukarin da ke zuba a tsakanin sel da sel don kada ta sami abinci. Galibin bakteriyar da ke faɗawa kan shuka a nan tafiyarsu ke ƙarewa, manomi bai ma san an yi ba.

Masu haddasa ciwo su ne waɗanda suka koyi tsallake wannan mataki. Suna da wata allura a jikinsu, allura ta gaske, wadda aka ɗauki hotonta da na'ura mai ƙara girman abu. Da ita suke huda bangon sel su ɗura furotin iri-iri a ciki, wasu wajen talatin, wasu fiye da sittin. Wani ya toshe saƙon gargaɗi, wani ya lalata mai ganewar, wani ya juya sel ya koma yi wa cuta hidima. Bakteriyar da ke ƙona ganyen shinkafa, alal misali, umarni take ba sel ya buɗe hanyoyin sukari ya zubo mata abinci waje.

Shuka kuma tana da amsa. A cikin sel akwai masu gadi na biyu da ke zaune suna jiran waɗannan furotin da aka ɗura. In mai gadin ya gane ɗaya daga cikinsu, hukuncin da sel ke yankewa mai tsanani ne: ya kashe kansa, na kusa da shi ma su mutu, wurin ya bushe. Duk manomin da ya taɓa ƙona gefen gonarsa da gangan kafin wutar daji ta iso ya san hikimar. Wuta ta zo ta tarar babu abin ci, sai ta tsaya. Shi ya sa wani lokaci za ku ga ɗan ɗigo busasshe a ganye, bai faɗaɗa ba, shukar kuma tana ci gaba da girma. Ɗigon nan shaidar nasara ce. Wanda ya kamata ya tayar muku da hankali shi ne tabon da ya yi kamar an jiƙa shi da ruwa, kullum yana ƙara faɗi.

Akwai sharaɗi mai nauyi a nan, kuma ina roƙon ku riƙe shi, don shi zai kai mu ga citta. Yawanci mai gadi na ciki abu ɗaya ko biyu kawai ya sani. Wani Ba'amurke mai suna Harold Flor ne ya fara gano haka tun a shekarun 1940. In shuka ta gaji mai gadin da ya dace da makamin cutar, ta tsira. In ba ta gada ba, ko kuma cutar ta sauya makamin, to babu mai ihu. Mu in muka yi ƙyanda sau ɗaya, ko aka yi mana allurar rigakafi, jiki yakan koyi fuskar sabuwar cuta ya riƙe. Shuka ba ta ƙera sabon mai gadi a rayuwarta. Da abin da ta gada daga iyaye take rayuwa, da shi take mutuwa.

Amma tana da wani ɗan abu mai kama da tuni. Ganyen da aka kai wa hari yakan tara wani sinadari, ɗan'uwan maganin asfirin, ya kuma aika saƙo zuwa sauran ganyaye su zauna cikin shiri na kwanaki ko makonni. Tun 1961 aka nuna haka a ganyen taba. Kada wani ya ji wannan ya ruga kemis ya sayo asfirin ya jiƙa ya fesa wa gona, don Allah. Shukar da ke cikin shirin yaƙi kullum ba ta girma yadda ya kamata, ƙarfin da za ta yi saiwa da shi ya tafi wajen tsaro. Wani bincike na 2022 kuma ya nuna cewa zafi na rage wa shuka haɗa wannan sinadari: a shukar da aka gwada, tashi daga digiri 23 zuwa 28 kawai ya isa ya raunana shi. Zafi da laima su ne kuma abin da bakteriya ta fi so.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakar da manoma, muna magana a kan garkuwar jikin shuka.

Bari mu zo kan babbar abokiyar gaba, bakteriyar da masana ke kira Ralstonia. A ƙasa take zaune da cikin ruwa, kuma tana kama tsirrai fiye da iri 200. Ta saiwa take shiga, ta rauni ko ta inda ƙaramar saiwa ta fito, ta wuce kai tsaye cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa ganye. A can take yaɗuwa har ta haura biliyan a giram ɗaya na kara, tana fitar da wani abu mai yauƙi da ke toshe hanya. Sai ka ga tumatir ya yi yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, da safe ya ɗan farfaɗo, bayan kwana kaɗan ya kwanta gaba ɗaya, ganyensa kore shar. Ƙishirwa ce ta kashe shi a tsakiyar damina. Wayonta har ya kai ta sauya siffar guntun wutsiyar nan, yadda mai ganewar tumatir ba ya gane ta. Irin tumatir mai juriya yakan yi sauri ya toshe jijiyar da ta kamu da ƙaro da kumburin sel, ya tsare cutar a wuri ɗaya, sauran jijiyoyi su ci gaba da aiki. Marar juriya shi ma yana toshewa, sai dai a makare. Manoman citta a jihar Kerala ta Indiya, da Sin, da tsibirin Hawai, sun sha wuya a hannun wannan cuta.

Tunda garkuwa gado ce, aikin masu binciken iri shi ne su nemo inda gadon yake su kawo shi. Labarin da ya fi burge ni daga yankinmu na Afirka ta Yamma ya fito. Akwai wata shinkafar daji da ke fitowa a fadamu, manoma na ɗaukarta ciyawa suna cirewa. An ɗebi samfurinta daga ƙasar Mali, aka tarar cutar ƙonewar ganye ba ta kama ta. A cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, Gurdev Khush da abokan aikinsa suka yi shekaru suna haɗa ta aure da shinkafar gida. A 1995 Pamela Ronald ta jami'ar Kalifoniya ta ware ƙwayar gadon da ke ba da juriyar, mai suna Xa21. Yau tana cikin irin shinkafa da ake nomawa a ƙasashen Asiya. Ciyawar da muke tsinewa ce ta ba su.

A nan gida ma an yi. A farkon shekarun 1970 cutar bakteriyar rogo ta ɓulla a Najeriya, ganye ya yi tabo, kara ya riƙa fitar da ƙaro, kan rogon ya bushe. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da irin da ke jurewa, kamar TMS 30572, wanda juriyarsa ta samo asali daga wani ɗan'uwan rogo na daji. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ita ma ta daɗe tana tace irin auduga da wake da wannan manufa.

To citta fa? A nan matsalar take. Citta ba ta yin 'ya'yan da za a shuka. Saiwa muke karyawa mu binne, ita ce iri. Masara kowace ƙwaya da ubanta, gadonsu ya ɗan bambanta, in cuta ta zo wani ya faɗi wani ya tsaya. Guntun citta kuwa jikin uwar ne da kansa, babu abin da ya ƙaru babu abin da ya ragu. Tun wajajen 1927 ake noman citta don sayarwa a wannan yanki, kuma kusan duk abin da muke shukawa iri biyu ne, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Gonaki dubbai, daga Kwoi har Kachia, masu gadinsu iri ɗaya ne. Cutar da ta iya wuce na gona ɗaya ta iya wuce na kowa. A ganina wannan na cikin manyan dalilan da suka sa abin 2023 ya yi gudu haka, kuma ko fumfuna ce ta dawo ko bakteriya ce ta zo, raunin yana nan inda yake. Ga kuma abu na biyu: saiwar da aka ajiye don iri tana iya ɗauke da cuta a cikinta, fatarta sumul. Wanda ya shuka ta ya tsallakar da cutar duk wani shinge da na lissafa, da hannunsa.

Tunda ba a iya haɗa citta aure cikin sauƙi, mafita biyu ce ta rage wa masana: su tsabtace irin da muke da shi ta hanyar rainon tsiro a kwalba a ɗakin gwaji, su kuma shigo da wasu iri su gwada su a ƙasarmu. Wannan aikin cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ne, da jami'o'inmu, har da tsangayar noma ta jami'ar jihar Kaduna da ke nan Kafanchan. Tallafin taki da maganin feshi yana da amfaninsa, amma in aka raba shi aka bar manomi ya koma kasuwa ya sayi irin da ba a san gonar da ya fito ba, an yi rabin aiki ne.

Kafin wannan ya iso, akwai abin da ke hannunmu. Iri dai, a san asalinsa. A je a ga gonar tun tana kore, a zaɓi wurin da bai nuna ciwo ba, kada a jira sai an zuba a buhu. Wuƙar da ake yanka iri da ita, ko ta citta ko ta rogo, a riƙa tsoma ta a ruwan Hypo ko Jik, ko a gasa ta a wuta, domin guntu ɗaya mai ciwo yana iya shafa wa buhu guda. A Yuganda, da cutar bakteriyar ayaba ta ɓulla a 2001, tsabtace adda da cire shukar da ta kamu na cikin abin da ya fi taimaka musu. A bar yankan ya sha iska ya bushe kafin a binne, shuka na rufe rauninta da kanta in an ba ta lokaci.

Ruwa kuma shi ne motar cutar. Saiwar da ta kwana cikin ruwa numfashinta ya ɗauke, garkuwarta ta yi rauni, bakteriya kuwa iyo take yi ta iso. A ɗaga kunya, a fitar da magudana, a lura kada ruwan gonar da ta kamu ya gangaro cikin taka. Wajen noma a yi hankali da fartanya kusa da gindi. Kada a shiga gonar tumatir ko wake ana taɓa ganye da sassafe raɓa ba ta bushe ba. Takin yuriya in ya yi yawa yakan sa jiki ya yi taushi da ruwa-ruwa, abin da cuta ke so ke nan. Gonar da ta kamu a huta da citta da tumatir da attaruhu da gauta a cikinta na wasu shekaru, a sa masara ko dawa ko acca, waɗanda Ralstonia ba ta ci.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a gida ba tare da kashe ko sisi ba. In shuka ta yi yaushi, a yanko guntun kara daga kusa da gindi, a wanke, a rataya bakin yankan cikin ruwa mai tsabta a kofin gilashi, kada a motsa. In bayan 'yan mintuna aka ga wani farin zare kamar madara yana sauka daga karan, bakteriya ce. In ruwan ya zauna garau, a nemi dalilin a wani wuri. Wanda ya ga farin zaren nan ya adana kuɗinsa, babu feshin da zai shiga jijiya ya warkar da ita. Maganin da ke da sinadarin tagulla yana rage bakteriyar da ke kan ganye ne kawai. Kuma kada a zuba wa gona kafso ko wani maganin mutane, ba zai yi aiki ba, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da mu da 'ya'yanmu za mu buƙata gobe. A tuge shukar har da ƙasar gindinta, a fitar da ita daga gona a ƙona, kada a jefa a rafi ko a kan juji.

Iyayena mata da ke yankan citta da shanya, ku ne kuka fi kowa ganin cikin saiwa. In kuka ga wadda cikinta ya yi duhu, ko aka matsa ta fitar da farin ruwa, ko tana wari, ku ware ta, ku faɗa wa mai gonar. Shugabannin ƙungiyoyin manoma kuma, in an ga gona ta soma yaushi, a kai samfuri wurin malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha tun a makon farko, a nace sai an gwada an faɗi sunan cutar kafin kowa ya sayi magani. Wanda gonarsa ta kamu, don girman Allah kada ya sayar wa ɗan'uwansa abin da ya tsira a matsayin iri.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)